Yadda Ake Cire Garkuwar Jita a Gida Ba Tare da An Ɓata Fuskar Katakon Ba

Tambayar da masu jitar katako suka fi yawan yi mini ita ce yadda za su cire garkuwar da ke manne a fuskar jitarsu, wato siririn faifan robar nan da ke gefen ramin sauti, wanda aka sa domin ya kare katako daga kartar makaɗi da farce. Wasu garkuwarsu ce ta fara ɗagowa a gefe tana tara ƙura, wasu ta tsufa ta kanannaɗe, wasu bahagwai ne da suka juya tsirkiyoyi garkuwar ta koma sama inda ba ta da amfani, wasu kuma launinta ne kawai bai kwanta musu a rai ba. Aikin yana yiwuwa a gida a kan mafi yawan jitocin zamani, kuma rabin awa zuwa awa ɗaya ya isa. Sai dai kaurin katakon fuskar jita bai wuce milimita 2.5 zuwa 3 ba, banish ɗin da ke kansa kuma, wato shafen da ke kare katakon yana sa shi sheƙi, siriri ne ƙwarai, saboda haka duk ɓarnar da ake yi a wannan aiki a kansu take sauka. Matakai biyu na farko su ne za su nuna ko aikin na gida ne ko na gwani.

1. A gano yadda aka manna garkuwar

A kai jitar wurin da yake da haske sosai, a bi gefen garkuwar da farce a hankali. Idan farcen yana jin tudu ƙarara, kuma ana ganin banish ya shige ƙarƙashin garkuwar, to an manna ta ne bayan an gama fesa banish, da siririn gam mai manne ta fuska biyu. Haka ake yi wa kusan dukkan jitocin da ake ƙerawa yanzu, kuma irin wannan garkuwar ce jagorar nan ta shafa.

Idan kuwa banish ɗin ya hau kan garkuwar ya lulluɓe gefenta, har farce yana zamewa daga katako zuwa roba ba tare da ya ci karo da wani kaifi ba, to an manna ta ne a kan tsurar katako kafin a fesa banish. Kamfanin Martin na Amurka ya yi ta yin haka har zuwa tsakiyar shekarun 1980: ana jiƙa bayan garkuwar da sinadarin da ke narkar da roba, a ɗora ta a kan katakon, ta kama jijiyoyinsa kamar tare aka halicce su. Da shekaru suka ja sai robar ta riƙa tsukewa tana jan katakon, abin da ya sa ake yawan ganin tsaga a tsoffin jitocin kamfanin daidai gefen garkuwar, kusa da tsirkiya ta biyu daga ƙasa.

Gargaɗi: kada a taɓa irin wannan garkuwa a gida. Idan an ɗaga ta takan taho da zaren katako, kuma ko an yi sa'a ta fita lafiya, abin da za a tarar a ƙasanta katako ne tsirara wanda sai an shafe shi da banish kafin a manna wata. Haka nan duk jitar da ta tsufa har ta zama abin nema ga masu tara kayan tarihi, domin sauya mata ko da ƙaramin abu yana rage darajarta a wurin saye.

Akwai nau'i na uku, wanda ba ya bukatar dogon bayani. A jitoci masu ƙumburarriyar fuska irin ta goge na Turai, garkuwar ba manne take ba, sukurori ne da ɗan ƙarfe suke riƙe da ita. Sukudireba kawai ake bukata, sai a lura ko akwai wayar na'urar ɗaukar sauti a liƙe a ƙasanta kafin a janye ta.

2. A san irin banish ɗin da ke jikin jitar

Banish ɗin jita iri uku ne aka fi sani. Na farko foli, wato foliyuretan ko foliyesta, wanda yake kan yawancin jitoci masu sauƙin kuɗi da matsakaita, har da na wasu manyan kamfanoni irin su Taylor. Yana da tauri, yana jure zafi daidai gwargwado, kuma sinadarai kaɗan ne suke cin sa. Na biyu naitiro, wanda Gibson da Martin suke fesa wa manyan jitocinsu. Siriri ne, yana laushi da zafi, kuma idan ya tsufa yakan yi ƙananan tsage-tsage kamar saƙar gizo-gizo. Na uku shalak, wanda ake gogawa da hannu a kan jitocin kilasik masu tsada, kuma ya fi duka rauni.

Hanyar da ta fi aminci ita ce a duba sunan samfurin da lambar da ke cikin ramin sauti, a nemi bayanin kamfanin da ya ƙera ta. Akwai masu ba da shawarar a ɗiga asiton, wani sinadari mai narkar da fenti, a wani ɓoyayyen wuri a ga ko banish ɗin zai narke. Ban goyi bayan wannan ba, domin idan naitiro ne, gwajin da kansa ya riga ya bar tabo. Duk jitar da ba a tabbatar da banish ɗinta ba, a ɗauke ta a matsayin mai naitiro, a yi mata aiki da ƙarancin zafi. Mai shalak kuwa a kai ta wurin mai gyaran jita.

3. Kayan aiki

Ana bukatar na'urar busar da gashi mai maɓallin rage zafi, da makaɗin jita mafi siranta da ake da shi ko tsohon katin roba da aka goge gefensa ya yi sumul, da zaren sakace haƙori ko zaren ƙugiyar kamun kifi kamar tsawon hannu, da nafta, wato man da ake ɗura wa laita mai lagwani. Sai tsumman auduga mai laushi guda uku ko huɗu, da auduga mai tsinke, da kwali, da salatif na takarda mai raunin manne irin na masu fenti, da tawul mai kauri, da ƙaramin madubi da tocila.

Mafi yawan waɗannan kaya suna nan a gida, nafta da salatif ne kawai mutum zai iya saye, kuma kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Sabuwar garkuwa ta gama-gari takan yi kusan kuɗin saitin tsirkiya ɗaya ko biyu, wadda aka yanka musamman domin wani samfuri kuma ta fi haka. Kuɗi mai nauyi yana zuwa ne idan an yi kuskure: gyaran banish ɗin da ya ɓare, musamman naitiro, yana ninka kuɗin da mai gyara zai karɓa ya cire garkuwar tun farko sau da yawa, kuma a jita mai sauƙin kuɗi yana iya zarce darajar jitar kanta.

Gargaɗi: akwai abubuwan da bai kamata su kusanci teburin aikin ba. Asiton da ruwan goge jan farce da tina, wato ruwan tsinka fenti, suna narkar da naitiro nan take, suna kuma cin robar garkuwa da ta gefen jita. Sifirit yana narkar da shalak, yana kuma ɓata naitiro. Wuƙa, reza da abin kankare fenti na ƙarfe suna yanka banish kafin hannu ya ji. Na'urar hura zafi ta masu cire fenti kuwa, wasu daga cikinsu suna haura digiri 500 na ma'aunin Salsiyos, kuma daƙiƙa kaɗan sun isa su tayar da ƙuraje a fuskar jita.

4. Shirya jitar da wurin aiki

A shimfiɗa tawul a kan teburin da ba ya girgiza, a kwantar da jitar a rigingine, a tallafi wuyanta da naɗaɗɗen tsumma. A buɗe tagogi saboda tururin nafta. A sassauta tsirkiyoyi duka, ko ma a cire su gaba ɗaya idan dama lokacin sauya su ya yi, domin hannu ya sami sarari, kuma fuskar jitar ta huta daga ja yayin da ake ɗumama ta.

Kafin a fara, a saka madubi da tocila ta ramin sauti a duba cikin katakon daidai ƙasan garkuwar. Idan an ga tsaga, ko ɗaya daga cikin sandunan da ke tallafe da fuskar daga ciki ta saki, a dakata a nan, domin wani lokaci garkuwar ce kaɗai take riƙe da tsagar, cire ta kuma zai buɗe ta.

A yanka kwali a rufe jaki, wato katakon da tsirkiyoyi suke ɗaure a kansa, a kuma rufe ƙarshen wuyan da ya hau kan fuskar. Wanda yake da niyyar mayar da garkuwa iri ɗaya ya kewaye tsohuwar da guntayen salatif na takarda a wurare uku ko huɗu domin su zama alama. A fara manna salatif ɗin a jikin riga sau ɗaya ko biyu domin ƙarfinsa ya ragu, kuma kada a bar shi ya kwana a kan naitiro.

5. Ɗumamawa

A kunna na'urar busar da gashi a kan mafi ƙarancin zafi, a riƙe ta nesa da jitar kamar santimita 15 zuwa 20, a riƙa yawo da ita ba tsayawa a kan kusurwar da za a fara da ita. Idan akwai gefen da ya riga ya ɗago, daga nan za a fara. Idan babu, a zaɓi kusurwa mafi tsini, wadda galibi take wajen wuyan jitar, nesa da jaki.

Ma'aunin zafin shi ne hannu. A ajiye yatsun ɗaya hannun a kan katakon da ke kusa da inda iskar take sauka, kuma da zarar zafin ya kai inda yatsu suke son janyewa, a kawar da na'urar. Abin da ake nema ɗumi ne irin na kofin da aka zuba wa ruwan zafi ya ɗan huce. Dalilin wannan taka-tsantsan yana cikin jitar: gam ɗin da ke riƙe da jaki da sandunan ciki yana fara laushi a wajen digiri 60 zuwa 65 na ma'aunin Salsiyos, katako mai kaurin milimita 3 kuma ba ya hana zafi ratsawa. Sandar da ta saki ba ta nuna kanta a ranar, sai bayan makonni mai jita ya fara jin wata 'yar ƙara kamar ta ƙuda a wasu muryoyi, ya rasa daga ina take fitowa.

Daƙiƙa talatin zuwa minti ɗaya sukan isa kusurwar farko. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗumama garkuwar gaba ɗaya lokaci guda, alhali kafin hannu ya kai tsakiya ƙarshen ya riga ya huce, sai a sake ɗumamawa, zafi ya yi ta taruwa a katakon a banza. Wurin da za a ɗaga yanzu kaɗai ake ɗumamawa.

Gargaɗi: garkuwar tsoffin jitoci da yawa da wasu na zamani masu launin ƙoƙon kunkuru da wani nau'in roba mai suna seluloyid ake yin su, shi kuwa seluloyid yana kama wuta da sauri ƙwarai. Kada a kusanto da kyandir, laita ko wani abu mai harshen wuta da sunan ɗumamawa.

6. Ɗagawa

A nan ne aikin yake cin lokaci, kuma a nan ne mafi yawan jitoci suke samun rauni. A sa farce ko siririn makaɗi a ƙarƙashin kusurwar da ta yi ɗumi, a kwantar da shi sosai ta yadda zai zame tsakanin roba da gam, bakinsa yana kallon garkuwar, ba katakon ba. Kada a yi amfani da shi kamar ana banƙare murfin gwangwani, domin katakon sifurus da na sida da ake fuskar jita da su suna da laushi, kuma inda aka dogara makaɗin zai lotsa.

Da zarar kusurwar ta ɗago har yatsu biyu za su iya kama ta, a ajiye makaɗin. A riƙa jan garkuwar a kwance, kusa da fuskar jitar, a hankali ƙwarai, ɗaya hannun kuma yana hura ɗumi daidai layin da roba take rabuwa da katako. Jan ta sama tsaye yana ɗora dukkan ƙarfin a kan banish, kuma haka ne yake ɓarewa. A bi tsawon jijiyar katakon, wato daga wajen wuya zuwa wajen gindin jitar, kada a ja ta a gicciye. Idan aikin yana tafiya daidai za a ga gam yana miƙewa kamar zare yana tsinkewa da kansa, garkuwar tana ci gaba da santimita ɗaya a cikin daƙiƙa da dama. Duk lokacin da aka ji ta cije, a tsaya, a ƙara ɗumi kaɗan, a jira.

Idan gam ɗin ya tsufa ya bushe har ɗumi ba ya sa shi miƙewa, sai a koma ga zare. A zura zaren sakace a ƙarƙashin kusurwar da ta ɗago, a naɗe bakinsa biyu a yatsu, a riƙa ja hagu da dama kamar ana yanka da zarto, zaren yana ɗan jingine da bayan garkuwar. Wannan hanya ta fi jinkiri, amma ni ita na fi so a kan naitiro, domin kusan ba ta jan banish ko kaɗan, kuma tana rage bukatar zafi. Zaren zai yi ta tsinkewa yana kuma cika da gam, sai a riƙa sauya shi.

Nafta ma tana taimakawa a wannan mataki. A jiƙa auduga mai tsinke, a taɓa layin rabuwar da ita, a bar ruwan ya tsotsu ƙarƙashin robar na minti ɗaya, sannan a ci gaba da ja ko da zaren.

Gargaɗi: nafta da na'urar busar da gashi ba sa haɗuwa. A cikin na'urar akwai waya mai zafi da injin da ke iya yin tartsatsi, tururin nafta kuma yana kamawa cikin sauƙi. Idan an yanke shawarar komawa ga nafta, a kashe na'urar, a zare ta daga soket, a bar jitar ta huce, kuma kada a sake kunna ta sai warin ya gushe gaba ɗaya. Haka kuma idan banish ɗin yana da tsage-tsage, a taƙaita nafta, domin tana bi ta tsagar ta kai narkakken gam cikin katako.

A riƙa leƙa bayan garkuwar yayin da take ɗagowa. Idan an ga wani abu mai ƙyalli kamar ɓawon kifi, ko farin zaren katako, manne a jikinta, banish ne ko katako yake tahowa. A tsaya nan take, a mayar da garkuwar ta kwanta yadda take ba tare da an cire ɓarɓashin ba, a kai wa mai gyara. Yana iya mayar da guntun da ya ɓare wurinsa idan yana nan, amma idan ya ɓata sai dai ciko, ciko kuma yana nunawa.

7. Cire ragowar gam

Bayan garkuwar ta fita za a tarar da gam a shimfiɗe a wurin. A fara da babban yatsa, a riƙa murza shi daga gefe yana naɗewa kamar ƙananan dunƙule, a tsince su. Abin da ya rage sai a ɗiga nafta a kan tsumma, ba a kan jitar kai tsaye ba, a ɗora tsumman a wurin na daƙiƙa kaɗan, sannan a goge a bin jijiyar katako. A riƙa juya tsumman zuwa gefe mai tsabta a kowace gogawa, in ba haka ba gam ɗin da aka kwashe ne za a yi ta shafawa a wurin. Nafta ba ta cutar da foli ko naitiro mai lafiya, kuma tana bushewa ba tare da ta bar maiƙo ba, amma duk da haka a fara gwada ta a bayan jitar, a kuma sa safar hannu.

Masu jitar da banish ɗinta ba mai sheƙi ba ne su yi hattara da yawan gogawa. Irin wannan banish yana yin ƙyalli a duk inda aka dage da murza shi, kuma ƙyallin ba ya komawa. A bar nafta ta yi aikin, hannu ya yi sauƙi.

Gargaɗi: kada a ƙarasa da man goge kujeru ko na mota mai ɗauke da silikon. Yana shiga ƙananan tsagogi, ya hana sabon gam kamawa, ya kuma hana banish zama idan wata rana aka zo gyara.

8. Tabon launi

Wannan ne abin da yake ba mutane mamaki, kuma ya kamata a san da shi tun kafin a fara. Katakon fuskar jita da banish ɗinsa suna yin duhu da haske a tsawon shekaru, wurin da garkuwa ta rufe kuwa yana nan da farinsa na ranar da aka ƙera jitar. Saboda haka idan an cire ta, siffarta takan fito sarai a kan katakon. A jitar da ba ta wuce 'yan watanni ba tabon ba ya da yawa, a wadda ta shekara goma kuwa ana hango shi daga nesa. Gogewa ba ta cire shi, domin ba datti ba ne.

Idan an bar jitar a waje da akwatinta a ɗaki mai haske, bambancin yana raguwa a hankali cikin watanni, ko da yake sau da yawa ba ya ɓacewa ɗungum. Kada a shanya ta a rana domin a gaggauta. Zafin rana yana sakin gam, yana kuma busar da katako har ya tsage, alhali jita ta fi zama lafiya a danshin iska na kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Game da masu cire garkuwa domin sauti ya ƙaru, ra'ayina shi ne bambancin da siririyar garkuwa take kawowa ƙanƙani ne ƙwarai, sabbin tsirkiyoyi ma sun fi shi tasiri. Garkuwa mai kauri da faɗi ce kawai cire ta yake iya sa kunne ya ji wani abu.

9. Manna sabuwa

Wanda zai sa wata garkuwar ya zaɓi wadda ta kai tsohuwar girma ko ta ɗan fi ta, domin ta rufe tabon, kuma lanƙwasarta ta dace da zoben ado da ke kewaye da ramin sauti, tunda faɗin ramin yana bambanta daga samfuri zuwa samfuri. A bar wurin ya bushe sosai daga nafta, a share ƙura.

A ɗora sabuwar a wurinta ba tare da an ɓare takardar bayanta ba, a daidaita ta da zoben har ido ya gamsu, sannan a kama gefenta ɗaya da salatif na takarda guda biyu ta yadda za ta riƙa buɗewa kamar ƙofa. A ɗaga ta, a ɓare takardar, a sauke ta a hankali daga gefen salatif ɗin zuwa ɗaya gefen, yatsa yana bi yana korar iska. Gam ɗin yana kamawa da taɓawar farko, kuma ɗaga ta domin gyara karkata yakan lalata shi, shi ya sa ake yin dukkan daidaitawa kafin a ɓare takarda. A danna da tsumma daga tsakiya zuwa gefuna, ɗaya hannun yana tallafe da katakon ta cikin ramin sauti domin kada nauyin dannawa ya sauka a kan fuskar ita kaɗai.

Tsohuwar garkuwar kuma kada a jefar da ita. A manna ta a kan takarda mai santsi, a danne ta da littafi mai nauyi har ta miƙe, a rubuta sunan samfurin jitar a jiki. Za ta yi amfani wurin yanka sabuwa daidai girmanta, kuma mai sayen jitar wata rana yana iya tambayarta. Idan ta seluloyid ce da ta fara rugurgujewa ko tana tsatsafo da ruwa, a ajiye ta daban, nesa da akwatin jitar, domin tururin da take fitarwa yana sa tsirkiyoyi da sauran ƙarafan jitar tsatsa.